Kallo Da Yawa, Ciniki Kaɗan: Tallar Kaya a Waya Daga Cadawa Zuwa Gidan Rumji

A garuruwan da ke bakin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta ratsa jihar Maraɗi daga Gidan Rumji ta bi ta Cadawa da Agye da Gazawa kafin ta nufi Tasawa da Damagaram, an samu wata sabuwar rumfar kasuwa a 'yan shekarun nan, rumfar da ba ta da zana ko kwano, domin a fuskar wayar salula aka kafa ta. Da an sallame sallar isha'i, lokacin da mutane suka nutsu suka fara duba wayoyinsu, sai shafuka su cika da hotunan buhunan aya da wake, da atamfa da shadda, da turaren wuta da humra, da wayoyi na hannu, da raguna idan Layya ta matso.

Kukan da masu wannan sana'a suke yi kusan iri ɗaya ne ko'ina. Manhajar WhatsApp tana nuna wa mai kaya sunayen duk waɗanda suka kalli hotonsa, wani lokaci ɗaruruwa, amma waɗanda suka tambayi farashi ba su cika yatsun hannu biyu ba, waɗanda suka biya kuɗi kuwa sau da yawa ba a samun ko ɗaya. Mafi yawa suna ɗora laifin a kan rashin kuɗi a hannun jama'a, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai mutumin da ya wuce hoton buhun aya ba tare da ya ce uffan ba, shi ne ake gani ranar kasuwa yana ƙirga kuɗi a gaban irin wannan buhu.

Abin da ake aunawa

Abin da masana kasuwancin intanet suke kira shafin sayarwa shi ne duk wurin da mai saye yake cin karo da kaya, ya ga kamanninsa da bayaninsa da farashinsa, ya kuma sami ƙofar da zai bi ya biya. Ma'aunin da suke auna ƙarfin shafi da shi kuwa shi ne yawan waɗanda suka koma masu saye daga cikin kowane mutum 100 da suka leƙo. A manyan kantunan intanet na duniya wannan adadi yakan tsaya ne wajen mutum 2 ko 3 cikin 100, kuma cibiyar Baymard ta ƙasar Denmak, wadda ta daɗe tana bin diddigin halayen masu saye, ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka zuba kaya a kwando sukan tafi su bar shi ba tare da sun biya ba. Babban dalilin da suke bayarwa shi ne ƙarin kuɗin da ya ɓullo musu a ƙarshe, musamman kuɗin kai kaya.

A yankin Cadawa ba kasafai ake samun mai kanti da ya gina gidan yanar gizo na kansa ba, kuma manyan kasuwannin intanet irin su Jumia, da aka kafa a Legas a 2012, ko Kaomini na hukumar gidan waya ta Nijar, ba su ne hanyar da talakan ɗan kasuwa yake bi ba. Shafinsa shi ne sitatus na WhatsApp, wanda aka ƙirƙiro a 2017 kuma yake ɓacewa bayan awa 24, sai zaurukan WhatsApp, da shafin Facebook, da gajerun bidiyoyin TikTok. Manhajar WhatsApp Business da ta fito a 2018, aka kuma ƙara mata kundin jera kaya da farashi a 2019, tana wayoyin wasu, amma da yawa sun sauke ta ne don su sami lamba ta biyu a waya ɗaya, kundin nan kuwa yana nan fayau.

Tsakanin kallo da ciniki akwai matakai: mutum ya ga kaya, ya yi tambaya, a daidaita, ya tura kuɗi, kaya ya iso hannunsa. A kowane mataki wasu suna zubewa, kamar hatsi a buhu mai huji, aikin gyaran shafi kuma shi ne gano inda hujin ya fi girma.

Kasuwar da ta riga waya

Ba a iya fahimtar abin da shafin waya ya rasa sai an dubi abin da kasuwar ƙasa take bayarwa. Jihar Maraɗi, wadda ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutane wajen miliyan 3.4, ta yi suna da fatauci tun zamanin gyaɗa, lokacin da kamfanonin Turawa suke saye ta hannun 'yan ƙasa, daga cikinsu kuma aka sami rukunin attajiran da Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, wato Alhazan Maraɗi. Bayan da fari da cututtukan shuka suka karya noman gyaɗa a shekarun 1970, wake da aya da riɗi suka cike gurbi, Cadawa kuma, wadda take kan mararrabar hanyar Mayahi, ta zama ɗaya daga cikin sanannun matattarar aya. Daga wannan yanki aya takan tsallaka Najeriya ta Ɗan Isa da Jibiya, inda ake yin kunun aya da dakuwa, wata ma takan kai har Sifaniya, inda mutanen yankin Balensiya suke yin wani abin sha da ita.

Duk wannan ciniki ya ginu ne a kan mutum biyu: mai saye da ya zo da idonsa da hannunsa, da dillalin da ya tsaya a tsakani. Mai sayen aya yakan cusa hannu can cikin buhu ya ɗebo ta ƙasa, ya murza ya ga ko akwai ƙasa da tsakuwa, ya tauna ya ji bushewarta da zaƙinta, sannan ya dubi tiyar da za a auna masa. Dillali kuwa shi ya san mai kaya da gidansu, shi yake jan taya har a kai ga sallama, shi ne kuma ake nema idan kaya ya fito da aibi, la'adarsa ita ce ladan wannan tsayuwa.

A cikin gidaje ma haka abin yake. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta bayyana irin babban cinikin da matan aure suke yi daga cikin ɗakunansu ta hannun yara masu talla, kuma har yau dillaliya mai yawo gida-gida da ƙullin kaya ba ta ɓace ba. Matan Agye da Gazawa da suke saka turare da kayan kicin a sitatus suna ci gaba ne da wannan tsohuwar sana'a, waya ta maye gurbin farantin talla. Bambancin shi ne dillaliya takan zauna a kan tabarma a buɗe kwalba a shinshina, hoto kuwa ba ya ƙamshi. Shafin da yake ƙulla ciniki, saboda haka, shi ne wanda ya ɗauki nauyin aikin da hannu da hanci da dillali suke yi, tunda Bahaushe tun fil azal ba ya son cinikin biri a sama.

Farashin da aka ɓoye, da lissafin dala

Huji mafi girma, kuma mafi sauƙin toshewa, yana wajen farashi. Al'adar da ta zama ruwan dare ita ce a saka hoton kaya ba tare da kuɗinsa ba, wanda ya tambaya a fili kuma a ce masa ya biyo ta saƙon sirri. Masu yin haka suna da hujjojinsu, kuma ba na banza ba ne: suna tsoron abokin gasa ya ga farashinsu ya rage dala biyar ya janye musu mutane, suna kuma cewa farashin da aka rubuta yana kashe taya, alhali ciniki a ƙasar Hausa hira ce da ake fara ta da gaisuwa, a bi ta kan "albarka" har a kai ga "Allah ya ba mu sa'a".

Abin da hujjar ta manta da shi shi ne kunya. A kasuwa mutum yana iya tsayawa a gefe ya ji yadda wani yake tayawa, ya auna aljihunsa a ɓoye, ya wuce ba wanda ya sani. A waya kuwa tambaya tana ɗauke da sunansa, mai kayan kuma sau da yawa maƙwabciya ce ko matar ɗan'uwa, don haka wanda yake shakkar ko kuɗinsa za su kai ya gwammace ya yi shiru da a ce ya tambaya ya kasa saye. Akwai kuma zargin da ɓoye farashi yake haifarwa, cewa ana yanka wa kowa kuɗi ne gwargwadon hoton da ke fuskar lambarsa. Hanyar da wasu suka samo ita ce su rubuta farashi, su ƙara da cewa akwai rangwame ga mai ɗaukar da yawa, ta haka ƙofar taya ba ta rufe ba, mai kunya kuma ya san inda ya tsaya.

Rubuta farashin ma a wannan yanki yana da tarko. A bakin mutanen Nijar ana lissafin sefa ne da dala, dala ɗaya kuwa faran 5 ce, saboda haka idan mai kaya ya ce "ɗari" yana nufin dala 100, wato faran 500, jika ɗaya kuma faran 1,000 ce. Baƙon da ya saurari saƙon murya daga Katsina ko Kano yana iya fahimtar wani abu dabam, haka kuma lambar da aka rubuta tsirara, kamar 25,000 ba tare da an faɗi kuɗin wace ƙasa ba, tana iya zama sefa ko naira. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin tun bayan da aka saki darajar naira a tsakiyar 2023, sefa, wadda take ɗaure da kuɗin yuro, ta koma ta ninka naira fiye da sau biyu a 2024. Cinikin da aka yi rabin sa'a ana ja kafin a gano cewa kowa da kuɗin da yake nufi, da wuya ya ƙare da daɗin rai.

Ma'auni shi ma yana bukatar suna. Buhu ba girma ɗaya ba ne, tiya tana bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma akwai bambanci tsakanin wadda aka tara wa kai da wadda aka shafe bakinta. Shafin da ya ce buhun yana cin tiya kaza, ko ya nuna shi a kan sikeli allura tana nuna kilo, ya amsa tambayar da mai saye zai yi tun kafin ya buɗe baki. A nan ne kuma ya kamata a faɗi wanda zai biya kuɗin mota da kuɗin aiken kuɗi, tunda abin da yake korar mai saye a manyan kantunan intanet a matakin ƙarshe shi ne yake korar na Tasawa.

Hoto, murya da nauyin shafi

Da yawa daga hotunan atamfa da takalma da ake gani a sitatus ba a ɗauke su a gidan mai kaya ba; an turo su ne daga babban dila a Kantin Kwari ko a babbar kasuwar Maraɗi, suka yi ta yawo daga waya zuwa waya har suka dushe. Mai kallo ya riga ya ga hoton nan a shafuka biyar, ya kuma gane cewa kayan ba ya hannun mai tallar. Hoton da ya fi jan ciniki sau da yawa bai kai wancan kyau ba: an shimfiɗa turmin a inuwa da hantsi don launinsa na gaskiya ya fito, an nuna bakin zanen inda sunan kamfani yake, hannun mai kaya kuma yana riƙe da gefensa.

Ga kayan gona da dabbobi gajeren bidiyo ya fi hoto. Idan aya ce, a kwance bakin buhu a gaban kyamara, a zura hannu har gwiwa a ɗebo daga ƙasa, a baza a faranti kusa da kwabon faran 100 don a ga girman ƙwayar. Idan ragon Layya ne, balami ko uda, a sa shi ya yi tafiya a ga ba ya ɗingishi, a buɗe bakinsa a ga haƙora, a nuna idanu da kunnuwa, mutum kuma ya tsaya kusa da shi, domin hoton da aka ɗauka daga ƙasa yana mayar da ɗan tunkiya bajimi. Waɗannan su ne abubuwan da mai saye zai duba da kansa a kara, kuma wasunsu sharuɗɗa ne na ingancin Layya.

Sai dai bidiyo yana da nauyi. Masu amfani da intanet a Nijar ba su kai rabin jama'a ba, wasu ƙididdigar ƙasa da ƙasa ma suna sa su ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu, kuma mafi yawansu ƙananan ƙunshin data na yini ɗaya suke saye daga Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom. Wanda ya jera hotuna arba'in da bidiyo mai minti uku a dare ɗaya yana cinye kuɗin mai kallo ne, a ƙauyukan da rezo yake zuwa yana ɗaukewa kuma ba za su buɗe ba ma. Sakamakon da ya fi yawa shi ne a toshe sitatus ɗinsa baki ɗaya, shi kuwa bai sani ba.

Batun harshe ya fi wannan zurfi. Manya masu iya karatun boko a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, rabon mata da na karkara kuma ya fi ƙasa, saboda haka bayanin da aka rubuta da Faransanci, ko da Hausa cikin rubutun Faransanci, yana wuce mutane da yawa. Saƙon murya shi ne ainihin rubutun wannan kasuwa. Mai kayan da ya faɗi sunan kaya da farashi da garin da yake da bakinsa a cikin bidiyon, ya kuma rubuta lambar kuɗin ɓaro-ɓaro a jikin hoton, ya isar da saƙonsa ga mai karatu da marar karatu gaba ɗaya.

Wa zai fara sakin nasa?

Ko da an daidaita a kan komai, akwai tsayawar da ake yi a bakin biya. Hanyoyin tura kuɗi ba su yi ƙaranci ba: akwai kamfanonin aike irin su Nita da Amana da Al Izza masu rassa har a ƙananan garuruwa, akwai Airtel Money da Moov Money da Zamani Cash, kaya kuma yakan bi motocin kamfanonin sufuri ko direbobin tasha, tunda gidaje ba su da lambar da za a bi a kai. Abin da babu shi ne wanda zai riƙe kuɗin a tsakani har kaya ya isa. Mai saye yana tsoron 'yan damfara masu karɓar kuɗi su kashe waya, mai kaya yana tsoron ya ɗora kaya a mota a ƙi karɓa, ko a turo masa hoton rasit na ƙarya.

Manyan kantunan Najeriya sun tsallake wannan shinge ne da tsarin biya bayan kaya ya iso, tsarin da ya jawo musu mutane ya kuma jawo musu asarar kayan da aka mayar. Ƙaramin ɗan kasuwa ba ya iya ɗaukar wannan asara, don haka abin da ya fi yaɗuwa shi ne kafin alƙalami, a biya wani kaso, a cika sauran idan direba ya miƙa kaya. Abin da shafi yake iya yi a nan shi ne ya rage duhu: ya nuna fuskar rumfa da layin da take, ya tabbatar sunan da ke kan shafi shi ne sunan da zai fito a wajen tura kuɗi, ya kuma faɗi ƙarara abin da za a yi idan kaya ya zo ba yadda aka siffanta ba.

Wannan tambaya ta ƙarshe tsohuwa ce a wajen malamai. Fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a zaurukan Maraɗi da Tsibirin Gobir, ya halatta sayar da abin da ba ya gaban ido idan an siffanta shi siffa mai kore jahilci, har ma Muwaɗɗa da Risala sun ambaci sayen ƙunshin tufafi bisa barnamaj, wato takardar da aka rubuta abin da ke cikin ɗauri ba tare da an kwance shi ba. Idan kaya ya dace da siffa ciniki ya tabbata, idan ya saɓa mai saye yana da zaɓin mayarwa. Shafin talla barnamaj ne na wannan zamani, hoton da aka ƙara wa haske don a ɓoye aibi kuma yana shiga babin algus. Haka nan sa abokai su riƙa rubuta yabon kayan da ba su saya ba yana kama da najashi, wato tayin ƙarya don a zuga mai saye na gaskiya, wanda shari'a ta hana. A ɓangaren hukuma, Nijar ta kafa dokar mu'amala ta hanyar na'ura da dokar yaƙi da laifukan intanet a 2019, amma wanda aka cuta a kan jika goma ba kasafai yake kai ƙara ba, yakan yaɗa labarin ne a zaure, kuma wannan hukunci ya fi saurin isa.

Abin da ya fi ƙarfin shafi

Akwai lokutan da gyaran hoto ba ya tsinana komai. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe iyakarta da Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma a wannan karo na biyu an yanke wutar lantarkin da ke shigowa daga Najeriya, ciki har da layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Mai kayan da rabin abokan cinikinsa suke ƙetaren iyaka, wayarsa kuma tana wajen mai caji, ba shi da abin gyarawa a shafi. Matsalar tsaro a wasu sassan Gidan Rumji da Madarumfa ita ma tana shafar hanyoyin da kaya yake bi da lokacin da direbobi suke yarda su tashi.

Gwaji da ɗan littafi

Manyan kamfanoni suna gano abin da ya fi aiki ne ta hanyar gwajin gefe biyu, wato a nuna wa rabin baƙi shafi iri ɗaya, sauran rabin kuma wani iri mai bambanci guda ɗaya tak, sannan a ƙirga wanda ya fi kawo ciniki; an ruwaito cewa Google ya taɓa gwada launin shuɗi iri 41 ta wannan hanya. Mai sayar da turare a Agye ba ta da na'urar yin haka, amma tana da littafin bashi, kuma shafi ɗaya a bayansa ya isa: yawan masu kallo, yawan masu tambaya, yawan masu biya, kowace rana. Mako ɗaya da farashi a jikin hoto, mako ɗaya babu, sauran abubuwa a bar su yadda suke. Sai dai adadin kaɗan ne, kuma ƙarshen wata, da kaka, da gabatowar Sallah suna iya ruɗa lissafi, don haka sakamakon mako biyu ishara ce kawai.

Lissafin yakan kuma nuna inda matsalar take. Idan masu kallo suna da yawa amma babu tambaya, laifin yana ga hoto ko farashi. Idan ana tambaya amma ana ɓacewa, sau da yawa jinkirin amsa ne, domin wanda ya yi sallama da safe aka amsa masa bayan la'asar ya riga ya saya a wani wuri. Idan kuwa an daidaita sannan aka yi shiru, amana ce ba ta cika ba.

Dillalai suna kallon wannan duka da ido biyu. Wasu suna ganin bayyana farashi da nuna cikin buhu a waya yana rage musu la'ada, tunda sanin farashin kasuwar Dawanau ta Kano da na Maraɗi, wanda a da jarinsu ne, yanzu yana aljihun manomi. Wasu kuwa, musamman matasan cikinsu, sun mayar da wayar kayan aiki: su ne suke shiga kasuwar Cadawa su ɗauki bidiyon buhuna, su tura wa fataken Katsina da Kano da suka daɗe da sani, su karɓi kafin alƙalami, su tsaya a kan lodi har motar ta tashi, sannan su aika lambar direba.